Mai Tarbar Baƙi a Kerala

"Tsayar da bidiyon nan, don Allah," in ji Raliatou.

Ba'indiyar da ke tallar gidan jinyarsu na jihar Kerala a Indiya ta danna, hoton ya tsaya. A wajen baje kolin maganin gargajiyar Indiya ne, a birnin Lyon na Faransa. Raliatou ba ta so zuwa ba, ƙawarta ce ta jawo ta saboda rashin barcin da ya addabe ta.

A allon ga wani mutum cikin farar riga yana miƙa wa Turawa shayi. Mijinta ne, Moctar. Shekara uku ke nan da ya tafi Indiya neman maganin ciwon baya, sai ƙaninsa ya kira ta yana kuka, ya ce ya rasu, an binne shi can. Ta yi takaba a gidansu na Villeurbanne, a gefen Lyon. Har yau 'yarsu ba ta yarda a taɓa takalmansa.

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

"Watan jiya, madame. Kin san shi ne? Shi ke tarbar mana baƙi masu jin Faransanci. Mutumin kirki ne ƙwarai."

Raliatou ta juyo ta dube ta. "Bai taɓa cewa zai koma gida ba?"

Matar ta girgiza kai cikin tausayi.

"Mun sha ba shi hutu, ya ƙi. Ya ce ba zai iya sake taka Lyon ba, don a nan ya binne matarsa da 'yarsa."