Hannun Koyo

Sa'adatu ta sake soka allurar, jini ya ƙi zuwa. Yau ta fara koyon ɗibar jini a asibitin Tasawa, ga malamarsu Madam Balkisu tsaye a kanta. Zufa ta jiƙe mata farar riga. Matar da ta miƙo hannu ta lulluɓe fuska da mayafi, ko motsi ba ta yi.

"Matsa can, kin huda baiwar Allah kamar rariya!" in ji Madam.

"Ƙyale ta ta sake," in ji matar. "Lafiyata lau. Daga Korgom na taso don ta koya a jikina."

Sa'adatu ta daskare. Muryar Inna ce, wadda saboda kunyar ɗiyar fari ko sunanta ba ta taɓa kira ba.