Rukuni Na Goma Sha Shida

Dakta Lawal ya ja layi na goma sha biyar a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, ya sa alamar daidai a gabansa, sannan ya cire tabarau ya murza ido. A soron gidansu na unguwar Mandawari yake zaune, ƙamshin waina yana shigowa daga tsakar gida. Ko waiwayawa bai yi ba.

Abu ɗaya yake nema a takardar nan: a cikin su huɗu 'ya'yan Iya, wa da wa ne in suka haɗu za su iya kai ta asibiti a kan lokaci. Likitan zuciya ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye, duk ranar da numfashinta ya fara sarƙewa, kada a wuce awa biyu.

Wani zai ce wannan ai ba abin zama da biro ba ne. To, Lawal ne fa. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da ilimin manɗiƙi, wato auna hujja, a jami'a, ɓangaren da ke auna abin da taron mutane za su iya tabbatarwa in sun haɗa kai, ko da saura sun ƙi. Tun yana yaro in aka aike shi sayen gishiri, sai ya tsaya auna hanya mafi kusa har miya ta ƙone.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Mota ba ta shiga lungunsu, sai mutum biyu sun ɗauki Iya a kujera zuwa bakin titi, sannan a sami abin hawa. Shi yana da mota. Mikail, mai sayar da yadi a kasuwar Kwari, yana da tasa. Nazeer tela ba shi da ko keke, amma shagonsa lungu biyu ne daga gida, ga shi da ƙarfi. Ikram, autarsu, aure ya kai ta Kaduna, awa biyu ba ta kawo ta.

Don haka mutum ɗaya ba zai iya ba. Ikram da namiji ɗaya ba za su iya ba. Amma duk maza biyun da ka ɗauko sun isa. Har Nazeer da Mikail, waɗanda suka shekara biyu ba sa ga maciji a kan wata magana da su kansu sun manta mafarinta. Manɗiƙi ba ruwansa da gaba, ba ya tambaya ko suna so, iyawa kawai yake tambaya. Ga su can ma a ƙofar gida tun safe, kan tabarma ɗaya.

Ya sake ƙirgawa. Hanya takwas. Bai sa maƙwabta ba ma, waɗanda sallama ɗaya ta isa ta fito da su. Ya bi layukan da yatsa daga ƙasa zuwa sama yana neman kuskure, ko guda ɗaya ne, kamar mai laluben allura a tabarma. Babu. Zuciyarsa ta yi nauyi ƙwarai.

Ikram ta leƙo daga ciki, idanunta jajur.

"Yaya, kai ake jira fa. Rana tana yi."

"Ina zuwa."

Ba ta koma ba. Ta durƙusa gefensa ta dubi takardar. Malamar lissafi ce a sakandare, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ta ƙirga layukan da ido.

"Mutum huɗu, ai rukuni goma sha shida suke bayarwa. Goma sha biyar na gani. Ina ɗayan?"

Ya ajiye biron.

"Wanda ba kowa a cikinsa ne," in ji shi. "Muna ƙirga shi a aji, ɗalibai su yi ta dariya. Rukunin da ba kowa, abin da yake iyawa kawai shi ne abin da zai faru ko an tashi ko ba a tashi ba."

"To don me ka tsallake shi?"

"Don yana da suna a Hausa, Ikram. Ni malamin abin ne, amma ban taɓa lura ba."

Ya ciro wayarsa, ya buɗe zauren hirar gidansu ya miƙa mata. Saƙonta ne a sama, na ƙarfe tara da kwata na safe: Zaituna maƙwabciya ta kira ni, numfashin Iya ya fara, don Allah a hanzarta. A ƙasansa amsar babban wa, shi Lawal, bayan minti ɗaya: Kada ki damu, za a kai ta.

A ranar, Nazeer ya ga amsar, ya ce Yaya ya shirya komai, ya mai da ƙafarsa kan keken ɗinki. Mikail ya gani, ya ci gaba da auna wa wata mata shadda. Ikram ta ajiye jakar da ta fara haɗawa. Shi kuwa Lawal, da ya tabbata ƙannensa biyu sun fi shi kusa kuma sun ga saƙon, ya kashe wayar ya shiga aji.

"Sunansa ke nan, 'za a'. Da na rubuta zan kai ta," ya ce. "Ko na ce Nazeer, tashi."

Ikram ta kife wayar a kan tabarma, ta rufe fuska da mayafi. A ƙofar gida liman ya gaji da jira, ya ɗaga murya, aka soma addu'ar kwana arba'in da rasuwar Iya.