Talatin da Takwas

Sau uku yana haɗa lissafin, sau uku yana tashi talatin da takwas. Maki biyu kacal suka hana ta ci.

Babu suna a kan takardar jarrabawar, lamba ce kawai, amma ko cikin dubu aka cusa rubutun nan zai gane shi. Ya ajiye jan biro, ya goge gumin hannunsa a wando.

Shekararsa ta biyu ke nan yana digiri na uku. Jami'a ta yafe masa kuɗin makaranta, ta ba shi ɗaki da ɗan alawus, shi kuma ya koyar da 'yan aji ɗaya, ya duba takardunsu. Abu guda aka ja masa kunne a kai: duk malamin da ke da wata alaƙa da wani a ajinsa ya faɗa, a karɓe ajin. Aji kuwa in ya tafi, ɗaki da alawus sun bi shi.

Bai faɗa ba. Ita ya je ya roƙa kada kowa ya san abin da ke tsakaninsu. Ta ce to.

Ta cika alkawari. Can layin baya take zama, kanta a ƙasa, tana rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa. Ba ta taɓa ɗaga hannu ba. In sun haɗu a baranda sai ta ce, "Ina kwana, Malam," ta wuce. Ranar Laraba kaɗai take jiransa a bencin bayan laburare da kular abinci, shi kuma ya ci yana waige-waige kamar ɓarawon kaza.

Ya sake buɗe takardar. Tambaya ta huɗu, mai maki ashirin, fili ne fetal. Ya san dalili. Makonni uku bai leƙa ajin ba yana fama da babin kundin digirinsa da Farfesa ya dawo masa da shi, darasin nan kuwa a cikinsu ya faɗa. Sauran ɗalibai sun nemi na gaba da su sun koya musu. Ita shi ta jira, don ya ce mata, "Bari kawai, ni zan zaunar da ke." Har aka shiga jarrabawa bai zauna ba.

Abokin ofishinsa ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai, tun ɗazu takarda ɗaya? Ko ta mutuniyar ce?"

Ya yi dariyar yaƙe. Maki biyu ne fa. Ɗaya a tambaya ta farko, ɗaya a ta uku, wa zai sani? Sai dai akwai wasu shida masu talatin da takwas, ya riga ya kayar da su ko gezau bai yi ba.

Ya rubuta talatin da takwas, ya zagaye, ya kai wa sakatariya.

A bencin ya same ta, ta cire tabarau tana murza idanu.

"Nawa na samu, Malam?"

Ya faɗa mata. Ya faɗa mata har da maki biyun da ya so ƙarawa. Shekara guda za ta maimaita darasin, su biyun sun sani.

Ta buɗe kular, ta tura masa cokali.

"Da ka ƙara, da ban yafe maka ba. Laifina ne da ban yi karatu ba. Ci abincinka, Malam, kada ya huce."

Cokalin ya gagare shi ɗauka. Ɗalibai na wucewa suna kallo, wannan karon bai waiga ba. Ya zame daga bencin ya durƙusa a gabanta.

"Don girman Allah, Umma, ki daina ce min Malam. Ke fa kika haife ni."