Hannun da Attajiri Ya Sumbata

Kai da kake tambayar yadda mutanen zikiri suka fara ƙyamar bauta, ga misali. A wani gari an yi wani attajiri mai masaƙa. Yana da bawa masaƙi, ya kuwa riga ya gama cinikinsa da fatake, ayari zai tashi ran Asabar, a raba bawan da matarsa da 'yarsa. Attajirin nan ɗan ɗariƙa ne, amma zuciyarsa a bushe take kamar ƙanzo. Shekara da shekaru shehinsu na cewa ruhin da Allah ya hura wa Annabi Adamu shi ne a ƙirjin ɗa da bawa, gogan naka yana gyaɗa kai, maganar tana bi ta bayan kunnensa. Burinsa ɗaya ne, ya zubar da hawaye a zikiri kamar sauran 'yan'uwa. Ya ziyarci manyan malamai, ya sha tofi ya sha rubutu, shiru kake ji.

Ran Juma'a bayan la'asar aka yi da'ira a zawiya, aka runtse ido, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi kamar yadda aka saba. Can sai wani ya shigo a makare ya kama hannun attajirin na hagu. Mutumin yana kiran sunan Allah kamar wanda ba shi da kowa sai Shi. Attajiri ya ji ƙirjinsa ya buɗe, hawaye har gemu. Daɗi ya kashe shi, ya ce a ransa lalle waliyyi ne ya baƙunce su. Ana shafa fatiha, tun bai buɗe ido ba, ya durƙusa ya sumbaci hannun nan mai kanta. Da ya ɗaga kai sai ga masaƙinsa, wanda ya zo kai kukansa ga Allah, yana kiciniyar zare hannu ya tsuguna ya gai da ubangidansa. Shehu ya yi dariya ya ce, "To, nawa ka sayar da hannun da ka sumbata?" Attajiri na kuka na dariya, nan take ya fasa cinikin ya 'yanta shi, har da matarsa da 'yarsa. Ran Asabar ayari ya tashi ba shi, unguwar masaƙa ta cika da guɗa. Daga nan 'yan zawiyar suka shiga sakin bayinsu ɗaya bayan ɗaya, don ba wanda ya san hannun wa zai kama ran Juma'a mai zuwa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.