Tambarin Hannun Kwat

Ina cikin hawa matakalar ofishin lauyoyin, sai wani tsoho ya cafke mini hannu ya zaro reza.

Ban tsaya tambaya ba. Na zabga masa naushi a baki, na ƙara masa da gwiwa a ciki. Kansa ya daki ƙarfen matakala, jini ya fantsamo mini a farar shat. Sati guda na yi ina zaɓen baƙar kwat ɗin nan, sau biyu tela yana rage kafaɗarta. Ba ɗan iskan da zai yanka mini aljihu ranar intabiyu.

Na ja kwat na rufe jinin, na haye sama.

Da sakatariya ta shigar da ni, tsohon ne zaune a kujerar tsakiya, hankici a baki, haƙori ɗaya babu. Ya ajiye rezar a kan tebur.

"Ɗana, tambarin kanti ka bari a hannun kwat ɗinka. Cire shi ake yi. Shi na so in yanke maka, kada abokan aikina su yi maka dariya."

Ya turo mini takarda da biro.

"To, lauya, ga shari'arka ta farko. Kare kanka."