Baba Tunau Ya Ɗanɗana Ƙasa

Ko tururuwa babu a bakin fangali. Abin da Baba Tunau ya fara lura da shi ke nan da ya iso fadama.

Tun da doka ta ce a zuba wa kowace gonar albasa farin garin jifsam, ragowar masana'antar taki, motoci suka shafe fadamar fari fat, har iyakoki. Yau kuwa ranar ban-ruwansa ce, in ta wuce sai wani mako.

"'Yata, ina gonata?" ya tambayi Hansatu, malamar gona.

Ta duba na'urarta. "Ai a cikinta kake tsaye, Baba."

"Tawa ja ce. Ta maƙwabcina Audi baƙa."

"Yanzu duk ɗaya ne. Dubi albasarka, kamar ƙwarya!"

Ya durƙusa ya ɗanɗana ƙasar, yadda mahaifinsa ya koya masa gane gonarsu. Ya tsallaka gaba ya ɗanɗana, ya dawo ya sake. Duk ɗanɗanon alli.

"In sakar maka ruwan?" in ji Hansatu.

"In gonar wani ce fa?"

Ta yi dariya, ta juya ta murɗa famfo.

Ya goge harshensa da bakin riga, ya saɓa fartanya ya kama hanyar gida, ruwa na gudu a bayansa.