Ranar da Fitilar Tanimu Ta Yi Kore

Tun da aka kawo na'urar da ke duba ɗigon jini ta faɗi ko mai ciwon daji zai yi tsawon rai, ja fitilar na'urar take nuna wa Tanimu. Matarsa Uwani ba ta saduda ba, kullum tana ɗura masa kifi, ƙwai da zogale.

Yau mai kemis ya soki yatsarsa, sai ga kore. Mai kemis ya ce:

"Malam, jininka ya yi ƙarfi, kumburin ya sauka!"

Uwani ta rangaɗa guɗa har masu jiran layi suka waiwayo. Ta kama hannun mijinta tana dariya, hawaye na zuba.

"Malam, tashi mu je wajen tela. Yau kam ba zai ƙi karɓar ɗinkin Sallarka ba don tsoron ba za ka kai Sallar ba."